Awoyin tuƙin ƙaramin jirgi na ULM: shin suna shiga lissafin lasisin matuƙi?

Matasa masu burin zama matuƙan jirgin sama kan ji ana cewa a fara da ƙaramin jirgi marar nauyi, wanda Faransawa ke kira ULM, saboda ya fi araha. To amma idan mutum ya tara awoyi a cikinsa, za a ƙirga masa su ranar da ya je neman cikakken lasisi? Amsar ita ce: ya danganta da ƙasar, da kuma irin jirgin.

Shi lasisin matuƙi mai zaman kansa, wato PPL, da awoyi ake samunsa. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta sa awa 40 a matsayin mafi ƙaranci. A Turai awa 45 ne, ga jarrabawa, ga gwajin likita, kuma sai mutum ya kai shekara 17.

A Amurka maganar a fili take. Ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya, wanda nauyinsa bai kai kilo 115 ba, tankinsa bai wuce lita 19 ba, ana tuƙa shi ba tare da wani lasisi ba. Sauƙi ke nan, amma da sharaɗi: doka ba ta ɗauke shi a matsayin jirgi mai rajista ba. A da an bar ƙofa a buɗe, ana karɓar awoyinsa don wasu ƙananan lasisi, sai aka rufe ta a ƙarshen Janairun 2012. Yau ko awa 200 ka yi a cikinsa, ranar da ka shiga makaranta daga farko za a soma maka lissafi.

A Faransa da sauƙi-sauƙi. Can ULM kashi 6 ne, akwai mai lema, akwai mai kama da helikwafta, akwai kuma mai fukafukai da wutsiya irin na jirgin da muka sani. Wannan na ƙarshe shi ne awoyinsa ke iya amfani. Akwai wani ƙaramin lasisi na Turai mai suna LAPL da ke buƙatar awa 30. Makaranta na iya gwada hannun mai nema, ta rage masa wani abu, amma ragin ba ya wuce rabi. Daga LAPL ɗin kuma mutum na iya ƙara karatu ya hau zuwa PPL.

Me ya sa ake wannan tsanani? Saboda hukuma ba zaman sama kawai take ƙirgawa ba. Tana son awoyin da aka yi tare da malami mai izini, cikin jirgi mai rajista, da doguwar tafiya daga fili zuwa fili, da magana da hasumiya ta rediyo.

Kada dai a ce wahalar banza ce. Wanda ya saba da iska da sauka ya fi saurin ɗaukar darasi.

Shawara ga mai niyya: kafin ka biya ko dala, ka sa makarantar ta rubuta maka awa nawa za ta karɓa. Ka riƙa rubuta kowane tashi a littafinka, malami ya sa hannu. In kuma a nan gida kake son aiki da lasisin, ka fara tuntuɓar hukumar ANAC a Yamai, don ita ce mai amincewa da takardar.