Kuɗin Tarayya da Shirin Jihohi Gaban Annoba

Jama'a, a tsarin mulkin Nijeriya sha'anin lafiya a rabe yake tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihohi da Ƙananan Hukumomi. Mafi yawan kuɗi a hannun Tarayya suke, amma annoba kuwa a ƙauye ko unguwa take fara ɓulla, inda ma'aikacin Jiha ne zai fara ganinta. To, bari mu duba misalai biyu.

Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Ikko ɗauke da cutar Ebola. Dokta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma cutar ta kama ta, ta rasu. Nan da nan aka kafa cibiyar gaggawa, aka ɗauko ma'aikatan da suka ƙware wajen yaƙi da shan inna, suka bi sawun mutum kusan 900 gida gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a ƙasar nan. Tarayya ta ba da Naira biliyan 1.9, amma da kuɗin suka iso sun tarad da mutanen da suka riga suka san aikin.

Sanƙarau da ya fara a Zamfara ƙarshen 1916 da shekara ɗari, watau 2016, labarinsa dabam ne. Rahoto bai kai ga Tarayya ba sai cikin Fabrairu 2017. Ga shi kuma irin sanƙarau na C ne, alhali allurar da aka yi wa jama'a a baya ta irin na A ce. Kafin a shawo kansa, fiye da mutum 14,000 aka zaci sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce Tarayya ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta domin lafiyar talakawa, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Dokar ta kuma ɗora wa Jihohi su kawo nasu kason. Jihar da ta yi nauyin hannu, talakawanta ne za su sha wuya.

Saboda haka muna roƙon malamai da akawuna: malamin da ya ga yara suna kwanciya da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ya sanad da jami'in lafiya a ranar. Akawun da takardar kuɗin asibiti ta zo gabansa, kada ya bari ta kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya.