Rufaffen Zauren Wasanni A Maiduguri: Kwanakin Haya Da Kuɗin Lantarki Su Ne Ma'auni

Rufaffen zauren wasanni gini ne mai kujeru a kewaye da fili a tsakiya, wanda ake iya shirya shi yau domin ƙwallon kwando ko dambe, gobe kuma domin baje kolin kayayyaki ko taron siyasa ko walimar aure. A wajen ɗan kasuwa, darajar irin wannan gini tana ga yawan kwanakin da aka kama hayarsa a shekara.

Filin ƙwallon El-Kanemi Warriors da ke Maiduguri, mai ɗaukar 'yan kallo kimanin 10,000, ya isa misali. Ƙungiyar ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, ta sake ɗaukar kofin a 2024. Duk da wannan farin jini, ƙungiyar da ke babbar gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 20 wasa 19 kawai take bugawa a gida a kakar wasa guda. Lokacin da rikicin Boko Haram ya tilasta wa El-Kanemi karɓar baƙi a Kano da Katsina a 2014 da 2015, ko waɗannan 'yan kwanaki sai da suka kuɓuce wa masu otal da direbobi da masu sayar da abinci na garin. Zaure mai rufi ba ya jiran jadawalin ƙungiya ɗaya, kuma ruwan damina ko ƙurar hunturu ba sa tashin taronsa.

Sai dai rufin da ke kare jama'a daga rana shi ne kuma ke cin kuɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, saboda haka dubban mutane ba za su zauna a ɗaki rufe ba sai da na'urorin sanyaya iska masu shan wuta ainun. A Janairun 2021 mahara suka rushe turakun lantarki na hanyar Damaturu, birnin ya shafe watanni cikin duhu, wanda ya kai ga gina tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023. Duk wanda ya yi lissafin haya bai sa kuɗin man janareta ko na farantan sola ba, ya ƙidaya ribar da ba tasa ba. Haka nan ambaliyar Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna cewa zaɓen filin gini da biyan inshora ba abin sakaci ba ne.

A ƙasar Ruwanda an nemo wata hanyar cike giɓi. Zauren Kigali mai kujeru 10,000, wanda aka buɗe a 2019, ya karɓi gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin Afirka a 2021. A 2022 Bankin Kigali ya sayi damar sa masa suna na shekara shida a kan kuɗin ƙasar biliyan 7, aka koma kiransa BK Arena, kuma kamfani mai zaman kansa ne ke tafiyar da shi.

Maiduguri na da abin da za ta dogara da shi: jami'a mai dubban ɗalibai, da fatake masu zirga-zirga zuwa Chadi da Kamaru da Nijar, waɗanda baje koli a inuwa zai yi musu amfani. Amma muddin ma'aikatun gwamnati da jam'iyyu za su riƙa shiga zaure kyauta da takardar umarni, kuɗin gyaran rufi da na'urori zai koma ne kan baitulmalin jiha.