Ku Kalli Mushtari, Amma Kada Ku Kashe Waya

Saƙon ya fara shigowa ne ta zauren WhatsApp na danginmu, kafin la'asar kuma har ana hirarsa a bakin Masallacin Sultan Bello. Wai tauraruwar nan mai tsananin haske da ke fitowa ta gabas bayan magariba ta matso daf da mu, za ta kai girman wata, kuma daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare za ta saki wani haske mai lahani, don haka kowa ya kashe wayarsa ya nesanta ta da jikinsa. An liƙa sunan NASA da BBC a ƙasa don a rufe bakin mai gardama.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ban ga laifin iyayenmu mata da suka tsorata ba. Abin da ake gani Mushtari ce, mafi girma cikin duniyoyin da ke kewaya rana, faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 11. Kusan duk bayan wata 13 duniyarmu takan gifta tsakaninta da rana, sai ta ƙara haske ta kwana a sama. Zancen kaiwa girman wata kuwa shirme ne. Ko a ranar 26 ga Satumba 2022, da ta yi kusantar da rabonta da irinta tun 1963, tazarar ta kai kilomita miliyan 590, alhali wata yana nan a kilomita 384,000.

Maganar kashe waya ce ta dame ni. Gaskiya ne Mushtari tana kewaye da tururi mai haɗari, har kumbon Juno da ya isa can a 2016 sai da aka killace na'urorinsa cikin akwatin ƙarfe mai kauri. Amma ƙarfin maganaɗisunta ne ya ɗaure wannan tururi a jikinta, can yake zaune. Abin da ke iso mu hasken rana ne da ya dake ta ya dawo, bayan tafiyar fiye da rabin awa. Waya ba ta janyo komai daga sama, a kunne take ko a kashe. Saƙon ma tsoho ne, shekara da shekaru yana yawo ƙasa-ƙasa, sa'o'in ba sa canjawa, rana kawai ake sakewa. Wannan karon aka jingina shi ga Mushtari.

To, a Kaduna wa zai ce a kashe waya tsakar dare? Lokacin ne naƙuda ke tashi, lokacin ne hawan jini ke kayar da tsoho, lokacin ne ake neman mai Keke Napep ko 'yan sintiri ko maƙwabci idan wuta ta kama. Wanda ya tura saƙon bai tsaya tunanin wannan ba, ya danna ya juya ya yi barcinsa.

Wani maƙwabcinmu a Unguwar Sarki yana da ƙaramin madubin hangen nesa, a tsakar gidansa muke kafa shi. Ana ganin Mushtari fara sol, da zane biyu masu duhu a gicciye, ga 'yan watanninta huɗu a jere, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610. Gobe ka dawo ka tarar sun sauya wuri. Jan tabon nan nata, guguwar da ta fi duniyarmu faɗi, sai an dace, domin Mushtari tana juyawa cikin ƙasa da awa 10, hazon hunturu kuma yakan dushe komai. A bari ta hau tsakiyar sama, a nan ta fi fitowa.

Haɗari ɗaya ne a madubin: kada a bar yara su saita shi ga rana, yana makantarwa nan take. Saƙon kuwa, in ya zo muku ku goge shi, ku kira wanda ya turo ku gaya masa ya bar wayarsa a kunne.