Giram 11.5 ko giram 25: alƙaluman zaɓen harsashi ga bindigar toka

Milimita 12.7, wato rabin inci, shi ne faɗin bututun bindiga mai ɗuri ta baki da maharba a Amurka suka fi amfani da ita wajen farautar barewa. Harsasan da ake ɗurawa a bututun kuwa nauyinsu ya bambanta har ninki biyu. Ana auna su da giren, ma'aunin da yarjejeniyar awo ta ƙasa da ƙasa ta 1959 ta tsayar a kan miligiram 64.8. Giren 15 da ɗoriya ne ke yin giram ɗaya.

Giram 11.5, ko giren 177, shi ne nauyin dunƙulallen harsashin dalma mai faɗin inci 0.490. Adadin ya fito ne daga nauyin dalma kanta, giram 11.34 a kowace kubik santimita. Da gangan ake rage faɗinsa da inci 0.010, domin ƙyallen da ake naɗe shi da shi ya cike giɓin ya kama zanen cikin bututu. Ƙarin faɗi kaɗan yana kawo ƙarin nauyi mai yawa: harsashi mai inci 0.530 ya fi na 0.490 faɗi da kashi 8 cikin ɗari, amma ya fi shi nauyi da kusan kashi 27, domin ya kai giren 224. Mai inci 0.440 ya tsaya a giren 128.

Giram 25 shi ne nauyin dogon harsashi na bututu mai rabin inci. Kamfanin Hornady ya ba da giren 385 ga samfurinsa na Great Plains, Thompson/Center kuma giren 370 ga Maxi-Ball. Idan aka raba nauyin a kan faɗin goshin harsashi, dunƙulalle yana ɗauke da giram 9.4 a kowace murabba'in santimita, dogo kuma giram 19.7. Wannan ninki biyu shi ne dalilin da iska ke saurin karya gudun dunƙulalle, shi ne kuma dalilin da dogo ke ratsa nama da ƙashi da zurfi.

Kashi 15 cikin ɗari ne kawai bambancin ƙarfinsu a bakin bindiga. A misali, dunƙulalle da ya fita da gudun mita 550 a daƙiƙa yana ɗauke da jul 1,740. Dogo da ya fita da mita 400 yana ɗauke da jul 2,000. Tazarar tana buɗewa ne da nisa, domin kafin mita 90 dunƙulalle ya zubar da fiye da rabin ƙarfinsa. Dogon ma yana da nasa aibin. A wannan misalin, turin da harsashin ke mayarwa kafaɗar maharbi ya ƙaru da kashi 58 cikin ɗari, ba tare da an lissafa nauyin albarushi ba.

Santimita 168, 122 da 71 su ne adadin da ke yanke hukunci tun kafin maharbi ya zaɓa. Zanen cikin bututu murɗaɗɗe ne, kuma ana auna shi da tsawon da harsashi ke tafiya kafin ya kammala juyi ɗaya. Juyi ɗaya a inci 66, wato santimita 168, na dunƙulalle ne. Juyi ɗaya a inci 28, santimita 71, na dogayen harsasan zamani ne. Thompson/Center ya zaɓi inci 48, santimita 122, ga bindigarsa ta Hawken domin ta ɗauki nau'o'in biyu. Dogon harsashi a bututun da murɗinsa bai kai ba yakan tuntsura a iska ya bugi dabba da gefe. Adakar maharban ƙasar Hausa, wadda dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa a rukunin bindigogi masu ɗuri ta baki, ba ta da zane ko kaɗan. A irinta, dunƙulalle ne kaɗai ko ƙananan ƙwayoyi ke da ma'ana.

Giren 170 shi ne mafi ƙarancin nauyin da hukumar namun daji ta jihar Kolorado ta yarda da shi ga bututu mai inci 0.40 zuwa 0.50. Ga wanda ya fi haka faɗi, giren 210 ne. Harsashi mai giren 177 ya tsallake iyakar farko da giren 7 kacal, mai giren 224 ya tsallake ta biyu da 14, mai giren 128 kuwa ya gaza da 42. Manufar irin wannan iyaka ita ce a rage yawan dabbobin da ke tserewa da rauni su mutu a daji.

Kashi 31 cikin ɗari shi ne nauyin da ake rasawa idan aka musanya dalma da ƙarfe. Dunƙulalle mai inci 0.490 na ƙarfe giram 7.9 ne, na jan ƙarfe kuma giram 9, dukansu ƙasa da giram 11 da giren 170 ke nufi. Ƙarfe kuma ba ya lotsewa kamar dalma, saboda haka yana karce bututu, yana kuma iya tashi daga dutse ya dawo. Dalma ita ma tana barin ɓurɓushi a nama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadinta da ba ya cutar da jiki ba. Amurka ta hana ƙwayoyin dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, jihar Kalifoniya kuma ta hana harsashin dalma a kowace irin farauta daga 1 ga Yuli, 2019.