Ko Ka San Da Gilashin Tagar Jirgin Ruwa Aka Buɗe Wa Talaka Sama?

Ko ka san cewa ɗaya daga cikin madubin hangen taurarin da suka fi yawa a hannun masu sha'awar kallon sama a yau daga tarkacen bola ya samo asali? Gilashin tagar tsohon jirgin ruwa, bututun kwalin da magina ke zuba kankare a ciki in za su yi ginshiƙi, guntayen katako, wani lokacin har da tsohon faifan garmaho. Da irin waɗannan ne wani Ba'amurke mai suna John Dobson ya haɗa na'urar da ake kira da sunansa har gobe.

Shi kansa mutumin abin kallo ne. A birnin Bejin na ƙasar Sin aka haife shi a 1915, ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, sai kuma a 1944 ya bar komai ya shiga gidan ibadar ɗariƙar Vedanta a San Faransisko, inda ya yi shekara 23 yana zaman gudun duniya. Mai irin wannan zama ba shi da ko sisi, balle ya sayi madubin kanti. A 1956 ya harhaɗa ɗan ƙarami da gilashin gwanjo, ya hango duniyar Zuhal da zobenta. Daga nan fa abin ya shiga ransa.

Yadda na'urar da ake kira da sunansa take aiki ba wani abin dogon bayani ba ne, tun 1668 Isaac Newton ya fito da tsarin. Madubi mai zurfin ciki yana zaune a gindin bututu, ya tattara hasken da ya shigo ya turo shi ga wani ɗan ƙaramin madubi a kusa da baki, shi kuma ya karkato da shi gefe, inda mai kallo zai ɗora ido. Mutane sun ɗauka girmama abu ne babban aikin, alhali tara haske ne. Wanda ya tari ruwan sama da baho da wanda ya tara da ludayi ai ba za su tashi da abu ɗaya ba. Ƙofar hasken idon mutum ba ta wuce milimita 7 a cikin duhu, shi kuwa madubi mai faɗin santimita 30 yana kwasar hasken da ya ninka na ido sau 1,800 da ɗoriya.

To amma ga inda abin ya fi burge ni. Ta yaya mutum zai mayar da shimfiɗaɗɗen gilashi ya zama mai zurfi, da hannu, ba inji? Gilashi biyu ake samu masu kauri, a ajiye ɗaya a kan ganga, a barbaɗa masa garin gogewa mai kaushi, a yayyafa ruwa, a kifa ɗayan a kai. Sai a yi ta turawa gaba da baya, ana juya na saman, mai aikin kuma yana zagaya gangar. Ba wanda ya umarce su, amma na sama sai ya riƙa rami a tsakiya, na ƙasa ya riƙa tudu, har su haɗu cif. Da farko ƙara ce mai tayar da tsigar jiki, da garin ya yi laushi sai ta koma shuu. Haka za a yi ta sauya gari daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarasa da sulɓewa a kan ƙaro, sannan a shafe fuskar da alminiyon. Madubin kirki kuwa, kuskuren da ke fuskarsa ba ya kai kashi 1 cikin 10,000 na milimita. Da hannun ɗan Adam, a tsakar gida!

Da Dobson ya gama irin wannan madubi mai inci 12 ya duba wata, ya ga duwatsu da ramuka ɓaro-ɓaro, sai ya ƙudurta cewa lallai kowa ya ga wannan. Nan matsalarsa ta fara. Ya riƙa sulalewa daga gidan ibadar, a lokacin an mayar da shi reshen Sakramento, yana nuna wa maƙwabta sama, yana koya wa yara niƙan gilashi. A 1967 aka sallame shi saboda yawan fita ba izini.

Korar ta zama gobarar Titi. A 1968 ya kafa ƙungiyar masu kallon taurari a bakin titi a San Faransisko tare da wasu matasa biyu, ɗayansu, Bruce Sams, ɗan shekara 12 ne da ya haɗa nasa madubin amma ƙungiyar masu kallon taurari ta garin ta ce ya yi ƙanƙanta da zama mamba. Su kuwa ba rajista, ba kuɗin shiga. A kafa na'ura a mararraba, a kira duk mai wucewa ya zo ya leƙa. Kuma Dobson bai taɓa yi wa tsarinsa rajistar mallaka ba, duk mai so ya kwaikwaya. Abin da ya ƙara wa na Newton shi ne mazauni: akwatin katako mai juyawa dama da hagu, bututun kuma yana ɗagawa yana sunkuyawa, yatsa ɗaya ya isa ya tura shi.

Tsarin yana da nasa aibin, kada a ce ban faɗa ba. Duniya na juyawa, don haka abin da kake kallo yakan zame ya fice, sai ka yi ta binsa da hannu, kuma bai dace da ɗaukar hoton taurari masu dusashe ba. A ganina wannan ƙaramin farashi ne.

Ga wani labarin da ba na gajiya da shi. A daren 22 zuwa 23 ga Yulin 1995, wani mai suna Thomas Bopp ya bi abokansa kallon sama a dajin Arizona. Ba shi da madubi ko ɗaya, na abokinsa ya leƙa, irin na Dobson mai inci 17.5 da aka haɗa a gida. Sai ya ga wani ɗan hazo-hazo da babu shi a taswira. Ashe tauraro mai wutsiya ne, wanda Alan Hale ma ya hango a daren daga Niyu Meziko. Shi ne Hale-Bopp da ya haskaka sama a 1997, aka yi wata 18 ana ganinsa da ido tsirara. Da kayan aro mutum ya sa sunansa a sama.

Mu da muka saba fita duban jinjirin watan azumi da na sallah, muka san Zara matar wata da Kaza da 'Ya'yanta tun muna yara, ga duhun karkara wanda mutanen manyan biranen Turai ke yin doguwar tafiya nemansa, ga kafintoci a kowace unguwa, babu abin da zai hana makaranta ɗaya ko ƙungiyar matasa ɗaya ta mallaki irin wannan. Dobson ya rasu a 2014 yana da shekara 98. In ka sami damar leƙawa, fara da wata a daren bakwai ko takwas, lokacin da inuwa ke fito da ramukansa, kuma ko da wasa kada ka juya madubin wajen rana, nan take take ƙona ido.