"Ai Tsufa Ne": Maganar Da Ke Kwantar Da Dattawa

A gidaje da yawa, idan tsoho ya fara lalube kafin ya kai hannu ga butarsa, ko tsohuwa ta kasa zura zare a allura, amsar ɗaya ce: "Ai tsufa ne." Da an faɗi haka an rufe zance. Sai a shimfiɗa wa Baba tabarma a zaure, a sa jika ya riƙa yi masa jagora, kowa ya kama gabansa.

Sau da yawa kuwa ba tsufan ba ne, yanar ido ce. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama da suka makance, yana ce ta makantar da kashi 43 cikin 100. Aikinta ba ya cika wuce rabin sa'a: likita ya cire abin da ya yi hazo a cikin idon, ya sa na roba a madadinsa, washegari a kwance bandeji mutum ya ga fuskar jikokinsa. Ana yin aikin a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano da wasu da dama. Amma har yau akwai masu miƙa idon iyayensu ga masu yawo da tsinke ƙauye-ƙauye, waɗanda ke tura yanar cikin ido, sau tari su ƙarasa shi gaba ɗaya.

Ɓarnar ba a ido take tsayawa ba. Dattijon da ya daina gani ya daina zuwa masallaci, ya daina zaman majalisa, ba ya zuwa jana'iza ko suna. Tafiyar nan ta sau biyar a rana, wadda ba wanda ke lissafa ta a motsa jiki, ita ce ke riƙe masa gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 na motsa jiki a mako take so dattijo ya samu. Da ya zauna sai ƙafa ta mutu, kaɗaici ya shigo, abinci ya fita ransa. In ya fara mantuwa kuma a ce gigin tsufa ne, tsohuwa ma wani lokaci har a jefe ta da maita.

Hawan jini shi ko sallama ba ya yi, sai an wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Awonsa minti biyu ne a ƙaramin asibitin unguwa. Don kauce masa, gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magin miya.

Gwamnati ta yi nata a takarda. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a Abuja a 2021, sai dai tsohuwar da ke ƙauye ba ta ga amfaninta ba tukuna. Abin da ke kusa da ita shi ne 'ya'yanta da maƙwabta da limami da mai unguwa. Duk mai tsoho a gida ya ware rana ɗaya a wannan watan, ya kai shi a duba masa ido, a auna jini da suga.