Ina 'ya'yan sarki suke zuwa idan mulki ya ƙare?

A watan Fabrairun 1912 aka sanar da murabus ɗin Puyi, sarkin ƙarshe na daular Manchu da ta mulki ƙasar Sin tun 1644. Yaro ne ɗan shekara shida. Sabuwar gwamnati ta bar shi a fadarsa ta Beijing, ta kuma yi masa alkawarin kuɗin shekara, har zuwa 1924 da soja suka fitar da shi. Daga baya Japanawa suka naɗa shi sarkin jeka-na-yi-ka a yankin Manchuria, ya sha ɗauri bayan yaƙin duniya na biyu, aka sake shi a 1959, ya zama mai kula da tsirrai a wani lambun gwamnati. Ya rasu a 1967. Danginsa da dama sun sauya sunan gidansu don su saje da jama'a, wasu suka rayu da sayar da kayan gado.

Mu ma nan ƙasar Kano an yi irin wannan rana, shekara tara kafin ta Sin. Sai dai tamu ta sha bamban: gidan sarautar bai faɗi gaba ɗaya ba, tsagewa ya yi, kowane tsagi da irin rabonsa.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga birnin Kano. Sarki Alu Babba ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan fadawansa da dakarunsa. Suna kan hanyar dawowa labari ya riske su. Cikin dare Alu ya sulale ya bar rundunar, kuma har yau masana ba su daina muhawara kan abin da ya nufa ba. Da gari ya waye sai jama'a suka rabu. Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa, ya kwanta dama a Kwatarkwashi tare da mutanensa. Wambai Abbas ya jagoranci sauran suka komo gida, Lugga, shugaban Turawan, ya naɗa shi Sarkin Kano. Alu da Ahmadu da Abbas duk 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne. Uba ɗaya, amma cikin 'yan makonni ɗaya ya shiga kabari, ɗaya ya hau gado, ɗaya ya faɗa hannun Nasara.

Alu ne ya fi tsaya mini a rai. An kama shi a wajen ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, sannan Lakwaja. Mutumin da ya ci yaƙin basasar Kano, malami mai rubutu, jikan Sarkin Musulmi ta wajen uwa, shi ne ya share shekara ashirin da uku a tsare, mafi yawansu a bakin Kwara, inda harshe da abinci da damina duk ba irin na gida ba ne. Can ya rasu a 1926, can kabarinsa yake. Ba shi kaɗai ba: Sarakunan Zazzau biyu, Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi, su ma a Lakwaja ƙasa ta rufe idonsu. Idan ana ba da tarihi sunan sarki kawai ake ambata, alhali babu sarkin da ke tafiya shi kaɗai. Akwai mata, da ƙwaraƙwarai, da yara, da barori da suka bi iyayen gidansu, suka hayayyafa a can. Ana zaluntarsu, a ganina, duk lokacin da aka taƙaita labarin da cewa an kai wane Lakwaja.

Wasu kuwa gabas suka yi. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nil yake ɗauke da sunansa har gobe.

To, waɗanda suka zauna fa? Nan ne labarin ya iso ƙofar manomin Gezawa. A da, hakimi a birni yake zaune kusa da fada, garuruwan da yake riƙe a warwatse suke, jakada yake aikowa bayan kaka ya karɓi kuɗin ƙasa da zakkar hatsi. Manomi kan tsufa bai taɓa ganin fuskar mai riƙe da shi ba. Cikin 'yan shekaru bayan zuwan Turawa aka harhaɗa garuruwa aka yi gundumomi, aka ce kowane hakimi ya tattara ya koma ƙasarsa da zama. Aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai albashi. Ɗan sarkin da ya tashi yana jiran rabonsa na ganima da bayi sai ya wayi gari ma'aikacin En'e: ga malamin haraji a zaure da littafi da rasit, ga dagatai da masu unguwanni a durƙushe ana ƙirga kawuna, ga Di'o zai zo rangadi ya duba lissafi. Rawani da alkyabba da algaita suna nan, sai dai wanda ake tsoro ya sauya. A ƙasa mai cunkoso irin ta Gezawa da Minjibir, inda gona ke manne da gona kuma taki ke zuwa kan jakai daga birni, wannan kusanci ya sa haraji ya fi wuyar kaucewa, musamman da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta yi kuɗi.

Sauran ikon ma a hankali aka zare shi. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin karkara ga kansiloli, sannan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Gadon dai a ƙarshe a zuriyar wanda ya komo gida ya tsaya. Bayan Abbas, ɗan'uwansa Usman ya yi sarauta daga 1919 zuwa 1926. A shekarar da Alu ya rasu a Lakwaja aka naɗa Abdullahi Bayero ɗan Abbas, kuma tun daga kansa duk wanda ya zama Sarkin Kano daga tsatson Abbas ya fito.